Tsutsar Nobel da Hujin Zuciya: Wa Ke Gaya wa Gaɓa Inda Za Ta Tsiro?

Ta yaya ɗigo guda da ido ba ya gani yake sanin inda zai buɗe baki, inda zai shimfiɗa hanji, da lokacin da kowanne zai fara? Kuma ina ruwan tsutsa da wannan tambaya?

Ranar 7 ga Oktoban 2024 aka sanar da cewa kyautar Nobel ta likitanci ta faɗa hannun Amurkawa biyu, Victor Ambros da Gary Ruvkun, saboda abin da suka gano a jikin wata 'yar tsutsa. Da daddare, a majalisarmu ta bayan isha'i a Sharar Mansur da ke Makka, kawuna ya dire kofin shayi ya dube ni, don ya san ilimin halittu nake koyarwa. Ya ce, "Ɗana, duk cututtukan da ke cin mutane a duniya, sai mai kiwon tsutsa aka ga ya cancanci miliyoyi?" Wani dattijo a gefensa ya ce shi abin da ya fi damunsa leƙen da ake yi wa halitta tun tana cikin ƙwai, wannan ai shiga hurumin Ubangiji ne.

Tambayar da ta fi tsaya mini a rai kuwa ta ƙanwata ce. An haifi 'yarta da huji a zuciya. Ta ce da ni, "Yaya, mun yi fahas, gwajin jinin nan na kafin aure, an ce jininmu ya dace. To daga ina wannan ya fito?" Kafin likita ya gama bayani, mata sun riga sun gama nasu: wata ta ce baki ne, wata ta ce ta yi wa wani dariya tana da ciki, wata ta ce jinin gidansu ne. Amsar kawu da amsar ƙanwata hanya ɗaya suke bi, kuma hanyar ta ratsa ta cikin ƙwan tsutsar nan.

Kalmomin da muke cakuɗawa

A Hausa mukan ce "ƙwayoyin halitta" mu nufi abubuwa biyu daban, kuma daga nan ruɗani ke farawa. Akwai ƙwayar jiki, wadda yaranmu ke karantawa a makaranta da sunanta na Larabci, khaliyya. Ita ce tubalin da aka gina jiki da shi. Jikin babban mutum yana da fiye da tiriliyan 30. Akwai kuma ƙwayar gado, wadda ake ce wa jam'inta jinat a nan Saudiyya. Ita umarni ce a rubuce cikin zaren DNA da ke cikin ƙwayar jiki, mafi yawanci umarnin yadda za a ƙera wani furotin, wato sinadarin da ke yin gini da aiki a cikin ƙwayar.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, kusan kowane nau'in ƙwayar jiki yana ɗauke da kwafin umarnin gaba ɗaya. Ta ido tana da umarnin hanta, ta hanta tana da na ido. Abin da ya bambanta su shi ne shafin da kowacce ta buɗe. Saboda haka duk maganar ginin gaɓoɓi ta koma kan tambaya ɗaya: wa ke buɗe wane shafi, a ina, kuma yaushe?

Wace tsutsa ce, kuma don me ita?

Sunanta Caenorhabditis elegans, a taƙaice C. elegans. Tsawonta milimita ɗaya. Tana cikin dangin tsutsotsi masu siffar zare da ake kira nematoda, dangin da macijin ciki da kurkunu da tsutsar tundurmi suka fito, sai dai ita ba ta shiga jikin kowa. A ruɓaɓɓen ganye da 'ya'yan itace take zama tana cin bakteriya. Wani Bafaranshe mai kula da ɗakin karatu a Aljeriya, Émile Maupas, shi ya fara bayyana ta a 1900.

Ta zauna ba wanda ya damu da ita sosai sai a 1963, lokacin da Sydney Brenner, haifaffen Afirka ta Kudu da ke aiki a Kambirij ta Ingila, ya shiga neman dabbar da za a iya bin gininta ƙwaya bayan ƙwaya. Ya dace da ita. Jikinta garau yake kamar gilashi, ana ganin cikinta tana raye. Daga ƙwai zuwa girma kwana uku ne da ɗoriya. Yawancinsu mata-maza ne, ɗaya tak kan ba kanta ciki ta zuba ƙwai kusan 300. Brenner ya riƙa ba su wani sinadari mai ɓata harafi ɗaya-ɗaya a DNA, sannan ya duba jikokin: wannan ba ta iya tafiya daidai, waccan ta yi gajarta. Daga gurguwar sai a bi sawu a gano ƙwayar gadon da ta lalace. A 1974 ya fitar da sakamakon. Dabarar ita ce ta mai gyaran lantarki da bai da taswirar gida: ya kashe makunni ɗaya ya ga wane ɗaki ya yi duhu.

Mutumin da ya zauna yana ƙirga

John Sulston ne ya yi aikin da har yau nake jin nauyinsa. Ya zauna gaban madubin likita kusan shekara ɗaya da rabi, zama biyu na awa huɗu-huɗu a rana, yana kallon ƙwan da tsawonsa bai wuce kashi ɗaya cikin 20 na milimita ba. Duk ƙwayar da ta rabu biyu sai ya zana a takarda, ya bi 'ya'yanta da jikokinta da ido. A 1983 shi da abokan aikinsa suka fitar da cikakkiyar salsalar ɗan tayin. Kafin nan, a 1977, shi da Robert Horvitz sun yi ta bayan ƙyanƙyasa.

Abin da suka gani ya girgiza masana. Kowace tsutsa hanya ɗaya take bi, kusan ba bambanci. Tana fita daga ƙwai da ƙwayoyin jiki 558. In ta girma tana da 959, ban da na haihuwa, 302 daga ciki na jijiya ne. Kowacce an san uwarta da kakarta har zuwa ɗigon farko. Mu da ke alfahari da mai iya jero kakanninsa bakwai, ga halittar da aka jero nasabar kowane tubali na jikinta.

Awa 14 a cikin ƙwai

Na taɓa kallon wannan da idona lokacin karatu, kuma ban manta ba. Ƙwan kamar 'yar ƙaramar ƙwayar shinkafa yake, launin toka, cikinsa na motsi a hankali kamar kunun da aka fara damawa. Can sai ka ga ƙugunsa ya tsuke, ya rabu biyu. Rabuwar ba daidai take ba: ta gaba ta fi girma, ita ake kira AB, ta baya ƙarama, P1. Kafin ka gyara zama sun zama huɗu.

Wa ya gaya wa ƙwan ina ne gaba, ina ne baya? Maniyyi. Gefen da ya sauka shi ke zama bayan tsutsa. Saukarsa ke sa wasu furotin da ake kira PAR, waɗanda Kenneth Kemphues ya bayyana a 1988, su ja daga: wasu gaba, wasu baya. Don haka tun rabuwar farko 'ya'yan biyu ba gado ɗaya suka ci ba.

Bari mu bi hanji, don shi ya fi fitowa fili. A matakin ƙwaya huɗu akwai wata mai suna EMS. In ta rabu tana haifar MS da E. Duk hanjin tsutsar, ƙwayoyi 20, daga E kaɗai yake fitowa. To me ya sa E ta zama uwar hanji, 'yar'uwarta MS ta tafi yin tsoka da rabin maƙoshi?

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko guzuri ne daga uwa: tun kafin ƙwan ya fita jikinta ta zuba masa saƙon wani furotin mai suna SKN-1, wanda ke taruwa a EMS. In babu shi, sai ɗan tayin ya yi fata fiye da kima a inda ya kamata hanji ya fito. Na biyu magana ce daga maƙwabciya. A 1992 Bob Goldstein ya fasa ɓawon ƙwai, ya raba EMS da maƙwabciyarta P2 da wuri. Hanji bai fito ba. Da ya bar su manne na 'yan mintoci kafin ya raba, sai hanji ya fito, kuma daga gefen da P2 ta taɓa. Wato P2 ce ke raɗa wa EMS cewa, ɗiyar da za ki haifa ta wannan gefen, hanji za ta zama. Daga baya aka gano raɗar: sigina ce ta dangin Wnt, irin wadda ke aiki a hanjin ɗan Adam, kuma lalacewar hanyarta ce tushen yawancin sankarar babban hanji.

Daga nan sai miƙa sanda, kamar a tseren da kowa ke miƙa wa na gabansa. SKN-1 ya tada wasu furotin masu suna MED, su kuma su tada END-1 da END-3, waɗannan su tada ELT-2, shi kuma ya buɗe ɗaruruwan ƙwayoyin gadon narkar da abinci ya tsare su a buɗe har mutuwar tsutsar. Kowanne aikinsa ya kunna na gabansa ya ja da baya. Da masana suka tilasta wa END-1 aiki a ko'ina cikin ɗan tayi, sai ƙwayoyin da za su zama fata ko jijiya suka juye suka zama na hanji. Lokacin da ɗan tayin ya kai ƙwaya 26 zuwa 28, 'ya'yan E biyu sukan nutse ciki, sauran su rufe a kansu. Haka hanji ke samun kansa a tsakiyar jiki.

Maƙoshi da mai tashin sahur

Maƙoshin tsutsar famfo ne na tsoka, yana bugawa fiye da sau 200 a minti yana zuƙo abinci. Labarinsa ya sha bamban da na hanji, don ba uwa ɗaya ta haife shi ba. Wani sashe daga zuriyar AB yake, wani daga zuriyar MS, kuma a cikinsa akwai tsoka, da jijiya, da gland mai fitar da ruwa, da fatar ciki. Me ya tara waɗannan baƙin juna ya ce musu ku gaɓa ɗaya ne?

Susan Mango da abokan aikinta suka amsa a 1994. Sun sami ƙwayar gado guda, pha-4, wadda in ta lalace ɗan tayin ba ya yin maƙoshi ko kaɗan, daga kowace zuriya. In kuma aka kunna ta a inda ba wurinta ba, sai ƙwayoyin maƙoshi su ƙaru. A nan ne mutane ke yin kuskure su ce an gano "ƙwayar gadon maƙoshi". Ita pha-4 ba ta ɗauke da zanen maƙoshi. Furotin ɗinta shugaban leburori ne, yana bi yana ƙwanƙwasa ƙofar ɗaruruwan wasu ƙwayoyin gado, su ne masu ginin.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda shugaba ɗaya ke tsara lokaci. A 2002 Jeb Gaudet da Mango suka nuna cewa ƙofofin ba ɗaya suke ba. Ku tuna mai tashin sahur da ke zaga unguwa da ganga. Tun yana nesa, mai saurin farkawa ya tashi. Mai nauyin barci kuwa sai gangar ta iso ƙarƙashin tagarsa. Haka PHA-4, wato furotin ɗin pha-4, yake: da farko kaɗan ne a cikin ƙwaya, sai ƙwayoyin gadon da ke kama shi gam su fara aiki. Yana ƙaruwa, masu kama shi sako-sako su biyo baya. Da masanan suka canza 'yan haruffa a bakin wata ƙofa don ta ƙara kama shi, sai ta buɗe kafin lokacinta. Akwai wasu furotin da ke sa hannu a tsarin, amma wannan ya nuna cewa lokaci ma a rubuce yake.

A jikinmu akwai 'yan'uwan pha-4, ana kiransu FoxA, kuma da su ake fara hanta da sassan hanyar abinci. END-1 da ELT-2 kuma 'yan wani dangin furotin ne da ake kira GATA, wanda mu ma muke da shi. A 2003 aka gano cewa tawaya a GATA4 ta ɗan Adam tana haddasa huji a bangon zuciya a wasu iyalai. Ga inda tsutsar kawu ta haɗu da 'yar ƙanwata.

Mutuwar da ke cikin tsari

Sulston ya lura da wani abu kuma. Ƙwayoyi 1,090 ake haifa, 131 su mutu, kullum su ɗin dai, kullum a lokaci ɗaya. Horvitz ya gano ƙwayoyin gadon da ke zartar da hukuncin, ced-3 da ced-4, da mai hana su, ced-9. Irin wannan mutuwa ce ke cinye fatar da ke tsakanin yatsun ɗan tayin mutum, da ba don ita ba da hannunmu ya yi kama da ƙafar agwagwa. Takwarar ced-9 a jikinmu ita ce Bcl-2, wadda in ta yi yawa ƙwayar da ya kamata ta mutu sai ta ƙi, ta zama sankara. Maganin venetoclax da aka amince da shi a Amurka a 2016 don wata sankarar jini, Bcl-2 yake toshewa. Brenner da Sulston da Horvitz sun karɓi Nobel a 2002. An sake ba masu aiki da tsutsar a 2006 da 2008. Ta 2024 ita ce ta huɗu: Ambros da Ruvkun, waɗanda dukansu suka yi aiki ƙarƙashin Horvitz, sun gano wasu gutsattsarin RNA, wato ɗan'uwan DNA, da ke rufe bakin ƙwayar gado idan lokacinta ya wuce. A tsutsar da ta riga ta ƙyanƙyashe suka gan su a 1993, yau an san mutum yana da irinsu fiye da dubu.

Masu zuzutawa, masu rainawa, masu tsoro

Akwai masu cewa tunda an karance tsutsa an karance mutum. Sun yi gaggawa. Gaskiya ne ita da mu kowa yana da ƙwayoyin gado masu ƙera furotin kusan 20,000, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari na nata suna da takwarori a jikinmu. Amma ba ta da zuciya, ba ta da ƙashi, ba ta da jini mai gudana. Kuma ɗan tayin mutum ba ya bin ƙayyadaddiyar salsala irin tata. In ya rabu biyu da wuri, kowane rabi kan cike gurbi ya zama cikakken mutum, haka ake samun Hassan da Husaini masu kama ɗaya. A tsutsa kuwa, in ka ƙone E da hasken leza, babu mai maye gurbinta, hanji ya tafi ke nan.

Masu rainawa irin kawu suna da hujjar da nake girmamawa: kuɗi ba su da yawa, marasa lafiya suna jira. Amsata ita ce, ba wanda zai yarda a fasa ɗan tayin mutum a raba ƙwayoyinsa don a ga abin da zai faru, kuma bai kamata a yarda ba. Tsutsa ce ta ɗauke mana wannan. Abin da aka gano a cikinta cikin mako guda, sai a je a neme shi a jinin iyalin da ke fama.

Masu tsoron shiga hurumin Ubangiji kuma, ina ganin abu biyu suka haɗa. Kallon yadda halitta ke gudana daban, sa hannu a canza zuriyar mutum daban. Mun san yadda hadari ke haɗuwa, bai hana mu fita sallar roƙon ruwa ba. Amma tsoronsu yana da tushe a ɗaya ɓangaren: a 2018 wani masani a China, He Jiankui, ya taɓa ƙwayoyin gadon jarirai tun suna tayi, masana a duniya suka yi tir da shi, kotu ta ɗaure shi shekara uku. A wannan ina tare da dattijon nan ɗari bisa ɗari.

Abin da fahas ke gani da abin da ba ya gani

Tun 2004 Saudiyya ta wajabta wa 'yan ƙasa gwajin kafin aure don sikila da talasimiya, a 2008 aka ƙara ciwon hanta na B da C da kuma HIV. Gwaji ne mai amfani ƙwarai, musamman gare mu da sikila ta yi wa katutu. In miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Amma takardar da ta ce jininku ya dace, a kan waɗannan cututtuka kaɗai ta yi magana. Sikila matsalar ƙwayar gado ɗaya ce mai ƙera furotin ɗin jini, shi ya sa gwajinta ke da sauƙi. Ginin zuciya kuwa aikin miƙa sanda ne irin wanda muka gani a hanjin tsutsa, sai dai ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, kuma ko'ina sanda na iya faɗuwa. Kusan jariri ɗaya cikin ɗari ake haifa da wata matsalar zuciya a duniya. Wani lokaci tawayar daga uba take, wani lokaci daga uwa, wani lokaci sabuwa ce da ta faru a wannan cikin kaɗai, sau da yawa kuma abubuwa ne da dama suka taru. Dariyar da mai ciki ta yi ba ta cikin lissafin, kuma zalunci ne a ɗora wa mai jego wannan nauyi tana tsaka da jinyar jaririya.

Darasin lokaci shi ya fi shafar gidajenmu. Zuciyar ɗan tayi tana fara bugawa wajen kwana 22 da shigar ciki, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa wajen kwana 28. Mata da yawa a lokacin ba su ma tabbatar suna da ciki ba. Shi ya sa likitoci ke cewa a fara shan folik asid, maikurogiram 400 a rana, tun ana niyyar ɗaukar ciki. Shi ya sa mai ciwon suga za ta daidaita shi kafin ciki, kuma a tabbatar an yi rigakafin ƙyandar Jamus. Maganin ƙurajen fuska Roaccutane, wanda 'yan matanmu suka sani sarai, yana ɓata ginin gaɓoɓi mummunan ɓatawa, amaryar da ke shan sa ta gaya wa likita tun kafin tarewa. Mai shan maganin farfaɗiya irin valproate ita ma ta je a duba mata, amma kada ta daina da kanta. Hoton sona, wato hoton ciki, na wajen mako 20 kuma kada a yi wasa da shi, a nan ake duba gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya.

Auren zumunci, wanda muke yi Larabawa ma suke yi, yana ƙara yiwuwar miji da mata su haɗu a kan ɓoyayyiyar tawaya iri ɗaya da suka gada daga kaka ɗaya. Ba na cewa a daina. Ina cewa gidan da aka maimaita haihuwar yara da matsala iri ɗaya, ko ake yawan rasa jarirai, su nemi a tura su sashen cututtukan gado, kada su tsaya a kan fahas na gama-gari.

'Yar ƙanwata hujinta ƙarami ne, irin wanda likita ya ce da yawansu kan toshe da kansu, ana dai duba ta lokaci-lokaci. Kawu kuwa, bayan 'yan kwanaki na nuna masa bidiyon ƙwan tsutsar a waya. Ya gyara tabarau ya matso da fuska, yana ƙirgawa a hankali: biyu, huɗu, takwas. Da suka yi masa yawa sai ya miƙo mini wayar ya ce, "Mayar da shi farko, ɗana, ka nuna mini wadda ka ce ita ce uwar hanjin."